Haihuwar Kakata Da Tawa

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaida kakata a gidanmu na Kambarawa, ɗiyata tana goye. Ta dube ta, ta ce, "Ke, yarinyar nan ta shekara biyu, har yanzu ba ƙane?" Na sunkuyar da kai, na ce, "Iya, ke nawa kika haifa?"

Ta ce goma sha ɗaya, huɗu suka rayu. Agana ta ɗauki biyu, ƙyanda uku, gudawa biyu. Shi ya sa ake yi wa autarta laƙabi da Ayashe, wai ko mutuwa ta raina ta, ta bar ta. A zamaninsu rijiya tana dab da masai, ba allurar rigakafi, asibiti kuwa sai ciwo ya ci ƙarfi. Mace takan haifi da yawa don ta tsira da kaɗan.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa al'umma takan taka matakai uku. Da fari haihuwa da yawa, mutuwa da yawa. Sa'an nan ruwa mai tsabta da magani su zo, mutuwa ta ragu, haihuwa tana nan yadda take. Daga baya, in iyaye suka ga 'ya'yansu suna rayuwa, mata kuma suka yi karatu, sai haihuwa ta sauko. Ingila ma ta nan ta bi.

To, mu muna mataki na biyu. An kawar da agana daga duniya tun 1980. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2003 yara 201 cikin 1,000 ba su kai shekara biyar, a 2018 suka koma 132. Amma a 2018 ɗin, macen Jihar Katsina takan haifi bakwai a ƙiyasi, ta Legas uku zuwa huɗu.

Na ce, "Iya, ba ƙin haihuwa nake ba. So nake in huta, wannan ta yi ƙwari, in iya ɗaukar nauyin karatunta." Ta yi shiru, can ta ce, "Mu ma sai mun yaye a shekara biyu."

Saboda haka 'yan'uwa, ku tafasa ruwan sha, ku kai yara rigakafi, ku bar 'yan mata su ƙare makaranta. Zancen tazara kuwa, a yi shawara da maigida cikin ladabi.