Alkawari Kaya Ne: Rage Bashi Da Darajar Mai Cinsa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma ko da yake kowa na ɗauke da shi, ba kowa ne ake sake ba shi ba in ya koma nema. Labarin wani ɗan tireda na garin Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun ta Jihar Zamfara, ya isa ya nuna abin da ke raba wanda ake ba da wanda ake hanawa.

Shi wannan bawan Allah ya yi shekara fiye da 20 yana sarin kaya a wurin wani Alhaji mai babban kanti a Talata Mafara. Kowace Talata, ranar da kasuwar garin ke ci, yakan ɗauko sukari da sabulu da gishiri da man gyaɗa bisa lamuni, Alhaji ya sa yaronsa ya rubuta a littafi. Babu shaida, babu jingina, sai dai an yanka masa iyaka, watau kayan naira 100,000. Al'adarsa kuwa ita ce, bai taɓa bari bashin ya kusanci wannan iyaka ba. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ba ya zuwa hannu rabbana. Sai ya rage wani abu daga tsohon bashi kafin ya ɗauki sabon kaya.

Yana da maƙwabci, shi ma ɗan tireda, wanda ke sari a wannan kanti. Shi ma mutumin kirki ne, bai taɓa cinye wa kowa haƙƙi ba. Illa dai kullum shafinsa a cike yake maƙil, ba ya biya sai kaka ta yi, sa'an nan ya sake cika shi nan take.

A watan Satumba na 2021 aka jarraba su duka biyu. Ranar 1 ga watan 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga makarantar sakandaren Kaya, a wannan tsakanin ne kuma aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka katse layukan waya. Ciniki ya tsaya cik. A lokacin Alhaji na bin ɗan tiredan nan naira 40,000. Da ya ga babu ranar buɗe kasuwa, sai ya nemi yardar matarsa, suka sayar wa mahauci akuyoyinta biyu, ya ba wani direba naira 20,000 ya kai wa Alhaji. Maƙwabcin nasa kuwa, bashin ya yi masa yawan da ko ya rage ba za a gani ba, saboda haka ya yi shiru.

Da aka sake buɗe kasuwa, suka tarar da kaya sun yi ƙaranci, masu nema kuma sun yi yawa. Alhaji ya ba maƙwabcin haƙuri, sa'an nan ya dubi ɗan tiredan nan ya ce, "Malam, wanda ya tuna da ni ranar da babu, ba na manta shi ranar da akwai. Ɗauki abin da kake so."

Bayan 'yan shekaru, ɗansa da ke karatu a Sakkwato ya zo hutu, ya ba shi labarin yadda ake auna amana a Amurka. Can mutane na sayayya da katin cin bashi, wanda banki ke yanka wa iyaka. Tun 1989 kamfanin FICO ya fito da wani awo da ke ba mutum maki daga 300 zuwa 850, masu ba da rance su duba kafin su amince da shi. Kashi 35 cikin 100 na makin ya dogara ne ga biya a kan lokaci, kashi 30 kuma ga yawan bashin da ke kan mutum, musamman in an gwada shi da iyakar da aka yanka masa. Alal misali, wanda iyakarsa dala 1,000 ce, ana kuma bin sa 900, ya ci kashi 90 na lamuninsa, sai a ɗauke shi a matsayin mai neman nitsewa. In ya biya 600, ya dawo kashi 30, wanda shi ne haddin da masana ke ba da shawarar kada a wuce. Da yake bankuna kan aika da bayani wata-wata, makinsa kan tashi ba da jimawa ba. Amma jinkirin biya, in an rubuta shi, yakan yi shekara 7 bai goge ba. Wanda kuma ya biya duka ya rufe katin, makinsa na iya sauka, domin ya rage wa kansa lamuni.

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ashe su ma littafin Alhaji suke karantawa."

Ɗan ya ce, "Haka ne, Baba, sai dai nasu littafin ba ya tambayar dalili."

Nan ne damuwar yaron take. Katin cin bashi bai zama ruwan dare a Kaya ba, ga kuma kuɗin ruwa da ke tattare da shi, wanda Musulmi ke gudu. Amma shi awon ya riga ya iso. A 2014 aka fito da lambar BVN da ke haɗa asusun mutum duka, a 2017 aka yi dokar adana tarihin masu cin bashi, kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry kuma suna tara wannan bayani da izinin Babban Bankin Nijeriya. Kwamfuta ba ta san an rufe kasuwa ba, ba ta san an hana manomi zuwa gona ba. Lamba kawai take gani. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, amanar shekara 20 da mahaifinsa ya tara ba ta cikin kowane irin kundi sai littafin Alhaji da zuciyarsa. Alhaji kuwa ya tsufa. Ranar da ta Allah ta kasance, in tsohon nan ya shiga banki neman jari, za a dube shi kamar wanda bai taɓa cika alkawari ba.

Duk da haka, darasin bai sāke ba, ko a littafi ko a kwamfuta. Mai ba da bashi ba ya jiran ranar biyan ƙarshe kafin ya yanke hukunci a kan mutum. Yana duban abin da ake ragewa a tsakani. Alkawari kaya ne, mai hankali kuwa ba ya jira sai kayan sun karya masa wuya. Har yau, in hanya ta yi kyau, ɗan tiredan nan yakan isa Mafara ranar Talata, kuma kafin ya tambayi farashin sukari, sai ya ce a buɗe masa shafinsa.