Mun kai samarin Birketeri tafkin Lagdo

Yaran da aka haifa mana a Birketeri sun san Yawunde lungu-lungu, amma da yawansu ba su taɓa ganin arewacin Kamaru ba, inda albasa da gyaɗa da shanun da muke ci da su suke fitowa. Shi ya sa da samarin unguwarmu suka ce za su je tafkin Lagdo su bi gaɓarsa a hutun Disamba, na shiga cikin iyayen da suka ce a bar su.

Ba kowa ya yarda ba. Uwargidana ta ce, "Alhaji, yaron da bai taɓa shiga kwale-kwale ba za ka tura ruwan dorina?" Gaskiyarta, akwai dorina a Lagdo, kuma yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Sai iyaye muka zauna muka kafa sharaɗi: manya biyu za su raka su, ba mai shiga ruwa sai da rigar hana nutsewa, ba wanka a gaɓa, kuma kafin magariba kowa yana tudu. Ni ne ɗaya daga cikin masu rakiyar.

Jirgin ƙasa ya kwana da mu zuwa Ngaundare. Daga nan muka shiga mota muka bi hanyar Garwa, a Ngong muka ratse zuwa Lagdo. Tafkin nan ɗan Adam ne ya tara shi: 'yan Sin suka datse kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, wutar da madatsar ke bayarwa kuma ita ke haska Garwa da Marwa da Ngaundare. Na tuna wa yaran ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan nan ya ci gidaje da gonaki daga Adamawa har Lokoja. Masu dangi a Yola suka yi tsit suna kallon madatsar.

Tafkin ya fi ƙarfin a kewaye shi a ƙafa cikin kwana uku, don haka wani wuri mu taka, wani wuri mu hau kwale-kwale mai inji, mu kwana a ƙauyukan masunta. A can yaran suka ga yadda ake jan taru da asuba, da yadda mata ke banda kifi a kan wuta har idanunsu su yi ja. Faransancinsu bai yi musu rana sosai ba. Fulatanci da Hausa ne suka sama musu ruwan sha da tabarma. Ɗana ya tambayi kuɗin kwandon banda a bakin ruwa, ya kwatanta da na kasuwar Mokolo, ya zauna yana lissafin kuɗin mota da dako da abin da ke lalacewa a hanya. Ban koya masa wannan a shago ba.

'Yan uwa fatake, mu a kan hanya muka koyi sana'a, yaranmu kuwa a waya suke ganin duniya. In naku suka zo da irin wannan magana, kada ku kore su. Ku zaɓi rani, ban da damina lokacin da ruwa ke cika. Ku nemi mai masauki tun kafin a tashi, ku tara kuɗin rigunan ruwa kafin na guzuri, sannan babba mai faɗa a ji ya bi su.