Kunnen Doki a Wijk aan Zee

Daga tashar jirgin ƙasa ta Beverwijk, bas ce ta ƙarasa da ni Wijk aan Zee, wani ɗan ƙauye a gaɓar Tekun Arewa a ƙasar Holan. Watan Janairu ne, iskar teku tana ratsa ƙashi, hayaƙin masana'antar ƙarfe kuma yana tashi daga bayan tuddan yashi. Daga wannan masana'anta gasar ces, darar Turawa, ta samo asali a Beverwijk a 1938, kafin a dawo da ita nan a 1968. Yanzu sunan gasar Tata Steel, kuma Magnus Carlsen na Norway ya lashe ta sau takwas.

Da shigata zauren De Moriaan, inda ake gasar, shirun wurin ne ya fara kama ni. Mutane ɗaruruwa, amma tsit, in ban da ƙarar danna agogo. Manyan gwanaye goma sha huɗu suna karawa da juna a gefe guda, 'yan sha'awa kuma sun cika sauran zauren, rufi ɗaya ya haɗa su.

A cikin 'yan sha'awar na tsaya bayan wani dattijo mai furfura da wata matashiya, waɗanda makinsu na Elo, ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, bai yi nisa da juna ba. Awa huɗu suna fafatawa. Yarinyar ta matsa masa lamba har ya zama saura ƙiris. Dattijon ya dafe goshi ya daɗe yana nazari, sannan ya sadaukar da dokinsa ya cinye sojanta na ƙarshe. Ya rage mata sarki da doki kawai, kuma da waɗannan biyun ba a iya kama sarkin da ya rage shi kaɗai. Kunnen doki ke nan, kowa ya tashi da rabin maki.

Suka yi musabaha, suka sa hannu a takardar wasa. Da yamma na sake ganinsu a wani gidan shayi kusa da cocin ƙauyen, kwanon miyar koren wake da aka san gasar da ita yana tururi a gefe. Sun jera allo suna maimaita wasan tun daga farko, tana nuna masa inda ta yi gaggawa, yana nuna mata hanyar da ya fi jin tsoro. Har na fita neman bas, ba su ɗaga kai ba.