Ɓarauniyar Iska a Salansa

Motar ta shigo garejin ne da hantsi, wata tsohuwar Toyota Sienna mai lodi daga Kwangila zuwa Kano. Mai ita ya ci bashi ya sa mata tukunyar iskar gas, kamar yadda direbobi da yawa suka yi tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Lissafinsa shi ne rarar kuɗin mai ta biya bashin. Sai ga mota tana shan gas kamar rijiya, tana kuma kakkarwa idan ta tsaya.

Maigidan garejin, wanda ke aiki a wani lungu na Tudun Wada kusa da hanyar Kongo, yana cikin makanikai ƙalilan da suka mallaki na'urar auna iskar oksijin mai faffaɗan ma'auni. Ya ɗaura ta a salansa, ya mayar da motar kan fetur don ya fara ganin lafiyar injin kansa. Allo ya nuna 17.

Wannan lamba tana da ma'ana. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya yana buƙatar iska kimanin giram 14.7. Lambar da ta haura haka tana nufin iska ta rinjayi mai, abin da kan ɗaga zafin injin har ya ƙona bawul idan mota ta ɗauki kaya. Babban yaron garejin bai yi wata-wata ba.

"Maigida, yunwa take ji. A ƙara mata kawai."

Maigidan bai amsa ba. Ya sa aka kwance filogi biyu, suka fito baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya sunkuya bakin salansa, warin ɗanyen fetur ya doki hancinsa. Injin da ke jin yunwa ba ya barin irin wannan shaida. Allo na cewa mai ya yi kaɗan, filogi na cewa ya yi yawa, kuma dole ɗayansu ya yi kuskure.

A nan ne sanin yadda na'urar ke aiki yake raba makanike da mai canza kaya. Tun da kamfanin Bosch ya fito da sensar oksijin a motocin Volvo a 1976, ba a taɓa ƙera ta don ta auna mai ba. Oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi take aunawa. Tsohon samfurin yana iya cewa "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan" ne kawai. Mai faffaɗan ma'auni kuwa, irin LSU 4.9, tana da ɗan ɗaki na tangaran ɗin zirkoniya da ake zafafawa zuwa digiri 780 na Salsiyos. Hayaƙi na shiga ɗakin, sai a yi amfani da lantarki a tura oksijin ciki ko a janye shi har ya daidaita. Yawan lantarkin da aikin ya ci shi ake juyawa ya zama lambar da ke kan allo. Saboda haka na'urar ba ta san asalin oksijin ɗin da ta gani ba. Ko daga silinda ya fito, ko daga waje ya kutso, duk ɗaya ne a wurinta.

Ya fara da zargin kayan aikinsa. Ya ciro sensar, ya bar ta ta yi zafi a sarari, inda oksijin yake kashi 20.9 cikin ɗari, ta nuna abin da ya kamata. Ya duba wayar da ke haɗe da jikin mota, domin tsatsa a wurin kan karkatar da lamba. Ya tabbatar bakinta ba ya ɗauke da farin ƙura irin wanda gam ɗin silikon ko ruwan lagireto ke bari. Komai lafiya.

Sannan ya mayar da ita, ya ce a taka totur. Da injin ya ɗaga murya, lambar ta gangaro ƙasa da 14. Da aka saki, ta koma 17. Ya juya ga direban.

"Malam, an taɓa kwance salansar nan?"

Direban ya ɗan yi jim, sannan ya ce bara ya bari an cire masa "indomi", wato saƙar zumar nan mai tace hayaƙi da ake saye saboda filatinam da sauran ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Washegari, injin na sanyi, aka toshe bakin salansa da tsumma, aka shafa ruwan sabulu a mahaɗar da ke kusa da injin. Kumfa ta tashi a gefen tsohon gaskit da aka mayar, da kuma wata 'yar tsaga a jikin walda.

Mutum zai ɗauka huda a salansa hayaƙi kawai take fitarwa. Amma hayaƙi a bugu-bugu yake fita, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan zuƙo da ke jawo iskar waje. Idan injin na tsaye hayaƙin kaɗan ne, sai baƙuwar iskar ta yi tasiri. Idan an taka, sai ta nutse. Sensar motar ta asali ma wannan iskar ta ruɗe ta, kwamfutar ta yi ta ƙara fetur har iyakar da aka yarje mata. Ita kuma kwamfutar gas, a irin wannan haɗi, umarnin nozul ɗin fetur take kwaikwaya. Ta gaji kuskuren ke nan, direba yana biya a kowace tafiya.

Da aka sa sabon gaskit aka gyara waldar, lambar ta zauna kusa da 14.7. Saura tarko ɗaya, wanda maigidan ya nuna wa yaransa kafin a juya motar kan gas. Iskar mitan, wadda ita ce mafi yawan abin da ke cikin tukunyar, tana buƙatar iska kusan 17.2 ga ɗaya. Wanda ya haddace wannan ya bi 17.2 a allon da aka saita don fetur zai bar injin da yunwar gaske, domin allon zai nuna 14.7 ne a daidai ƙonewa, ko wane irin mai ake sha. Shi ya sa ya mayar da shi kan ma'aunin lamda, inda 1.00 ke nufin daidai ga fetur da gas duka.

Direban ya biya kuɗin gaskit da walda, bai sayi sabuwar sensa ba, ya koma Kwangila ya kama layi kafin azahar. Filogin nan biyu kuwa maigidan ya ajiye su a kan akwatin na'urar. Duk yaron da zai buɗe akwatin, sai ya fara ɗauke su da hannunsa.