Shayin Mangwaro na Inna

A bazarar shekara ta 2022 mahaifiyata ta tashi daga doguwar jinya, muka ɗauko ta daga ƙauye zuwa gidanmu a Maraɗi. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da marmarin abinci. Tuwo ba ta kai loma uku, fura ta ce tana tsaya mata a ƙirji, nama kuwa babu haƙoran taunawa. Abu ɗaya ta ke karɓa ba gardama, shi ne shayi. To, shayi tsuransa ruwa ne da sukari, ba ya riƙe tsohuwa. Ina kallo zanen da ta saba ɗaurawa ya fara zagaya ta kusan sau biyu, dare ya yi ni kuwa in kasa barci.

'Yata ce, wadda ta ke ajin ƙarshe a makarantar sakandare a lokacin, ta kawo shawara. Ta ce a ƙasar Taiwan, a shekarun 1980, masu shagunan shayi suka soma sayar da shayi mai sanyi da madara, suna zuba masa 'yan dunƙule-dunƙule na garin rogo, daga baya kuma aka riƙa ƙara masa 'ya'yan itace iri iri, har abin ya bazu cikin duniya. Ta ce, "Mama, tun da Kaka ba ta ƙin shayi, mu ɓoye abincin a cikinsa mana." Dunƙulen rogon dai ban kula da su ba, gama ina tsoron kada su shaƙe ta. Amma madara da 'ya'yan itace, na ga wannan magana ce.

Ban yi tambaya ba, ban yi shawara da kowa ba. Na ce a raina, mace mai shekara arba'in da 'yan kai a bakin murhu, shayi ne zai gagare ta? Na dafa shi ya yi baƙi, na zuba madarar gari cokali shida, ita kuwa ba araha gare ta ba, sa'an nan na matse lemun tsami biyu a kai tun yana tururi, domin Inna tana son lemu. Kafin in ajiye cokali madarar ta tsinke. Ta yi gudaji-gudaji fari fat suna yawo a bisa wani ruwa mai kama da na wankin tukunya.

Na so in zubar a ɓoye, amma Inna tana kwance a tabarma gindin bedi, idonta a kaina. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, kawo in gani." Ta leƙa cikin kwanon, ta daɗe tana dubawa, sai ta ce, "Ashe awara ki ke koya. Saura ki matse ki soya." Ta yi dariya har da tari. Wata uku ke nan ban ji dariyarta ba, saboda haka ban ji zafin madarar da na yi hasara ba sosai.

Gaskiya ta faɗa kuwa. Duk wadda ta taɓa tsayawa wurin masu awara ta san yadda su ke yi: a tafasa ruwan waken suya, a tsiyaya masa ruwan tsami ko na tsamiya, nan da nan ya kama jikinsa. Abin da na yi wa madarata ke nan. 'Yata ta buɗe littafinta na kimiyya ta ƙara mana bayani. A cikin madara akwai wani sinadari mai gina jiki, ana ce da shi kezin, yana warwatse cikin ruwan ƙanana ƙanana yadda ido ba ya gani. Masana suna da ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru. Madara sabuwa tana wajen 6.7 a ma'aunin, in ta sauko zuwa 4.6 sai kezin ya dunƙule, ruwan lemun tsami kuwa yana tsakanin 2 da 3. Zafi kuma yana hanzarta abin. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce wa jikarta, "Kuɗin makarantarki dai an yi hasara, ni ban shiga aji ba na san tsami da nono mai zafi ba su kwana ɗaki ɗaya."

Daga ranar ita ta zama malama, daga kan tabarmarta. Lemu, da tsamiya, da garin kuka, da zoɓo, duk ta hana. 'Yata ta ƙara abarba da gwanda ɗanyu a cikin jerin, gama suna da wani abu mai narkar da sinadarin madara ya bar ta da ɗaci, sai fa in an dafa su tukuna. Abin da ya rage mana shi ne mangwaro, ga shi kuwa lokacinsa ne, ya cika kasuwa.

Ga yadda mu ke yi, na kofi huɗu. A sami mangwaro biyu waɗanda suka nuna luguf, irin waɗanda mai talla ke neman rabuwa da su da yamma. Wanda ya rage da sauran tsami a bar wa yara. A fere, a yanka naman a tukunya, a sa sukari cokali uku ko huɗu da rabin kofi na ruwa, a dafa a wuta marar ƙarfi kamar minti 10 ana motsawa, har ya narke ya yi kauri kamar kunu. Sa'an nan a tace da rariya. Kada mai karatu ya raina wannan tacewa. Ranar da na yi ƙyuya na bar ta, zare-zaren mangwaron ya maƙale wa Inna a maƙogwaro, ta ture kofin, ba ta ƙara waiwayarsa ba sai bayan kwana biyu.

Shayin kuwa baƙi ya fi dacewa, irin na Lipton. Koren ganyen nan na ƙasar Sin da maza ke dafawa a majalisa zubi uku, na gwada shi, bai yi mini ba, baurinsa yana faɗa da madara. A tafasa ruwa kofi biyu, a sauke, a jefa ƙullin shayi huɗu, a rufe minti 4 ko 5, a cire. A nan ne na sha fama da hannuna, domin mun saba barin shayi a kan gawayi yana ta ɓararraka. In ya daɗe, bauri da ɗaci su kan fito su danne ƙanshin mangwaron. Amma kuma kada ya yi tsararo, gama madara za ta rage masa ƙarfi. A dama madarar gari cokali shida a kofi ɗaya da rabi na ruwan da aka tafasa.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. A bar ukun nan su huce sarai, kowanne a kwanonsa. A haɗa shayi da madara tukuna, daga baya a riƙa zuba mangwaron cokali cokali ana motsawa. Ko nunannen mangwaro yana da ɗan tsaminsa, in ya tarar da madara da zafi zai iya tsinka ta. Ba mu da na'urar sanyi a lokacin, sai in zuba shi a kwalba in rufe, in tsoma cikin randa. In na sayi ƙanƙara a maƙwabta, a gefen kwalbar na ke jera ta, ba na jefa ta ciki, domin ban san ruwan da aka yi ta da shi ba, cikin Inna kuwa ba ya ɗaukar kasada. A watan Afrilu, da zafi ke wuce awo 40 a Maraɗi, ba na barin shayin ya wuce sa'a biyu. Abin da ya saura yara su shanye.

Ranar fari ta kurɓa sau ɗaya, ta ce sukari ya yi yawa. Ta sake kurɓa, ta ce shayin bai ji ba. Tana ta kushe shi har ta ga gindin kofin. Kashegari da la'asar sai na ji ta tana tambayar jikarta, wai yau ba a yin awarar?

Wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ta gargaɗe ni kada in ba ta shi tare da abinci, gama shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, a bar sa'a ɗaya ko biyu tsakani. Muka mai da shi na hantsi da na la'asar. Ba zan ce shayin ne ya warkar da ita ba, magani da hutu sun yi nasu. Abin da na gani da idona shi ne, bakin da ya buɗe wa kofin nan ya fara buɗe wa kunu, daga kunu sai ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka.

Da damina ta sauka mangwaro ya ƙare, muka koma dabino, irin busasshen nan da ake kawowa daga arewa. A cire ƙwallon, a jiƙa guda goma a ruwan zafi har su yi taushi, a dama, a tace. Ba ya bukatar sukari ko kaɗan, ba ya kuma tsinka madara. Ni na fi son na dabino. Inna ta ce na masu ƙyuya ne.

Bayan girbi ta matsa sai an mai da ita gida, gama ba ta yarda da yadda ake kula da awakinta ba. Da bazara ta kewayo, ƙanena ya zo daga ƙauye ya ba ni labari, wai matan unguwa suna taruwa wurinta da la'asar tana koya musu shayin mangwaro, tana ce musu ita ta ƙago shi a birni, 'yarta kuwa awara ta yi. Sai a lokacin na gane inda rariyata ta shiga, wadda na yi wata biyar ina zargin yara a kanta.