Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Neman Kyamarar Fim Daidai Aljihun Ɗalibi

A wannan zamani da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, wato wayar hannu, duk wanda ya ce yana neman kyamarar fim kallon da ake yi masa bai wuce na wanda ya shiga banki yana tambayar anini ba. Amma har yanzu akwai malaman da ke ganin ba a koyon ɗaukar hoto sai da ita, kuma duk ɗalibin da ya faɗa hannunsu dole ya nemo. Ni ɗaya ne daga cikin waɗannan ɗalibai. Na ga ya dace in ba 'yan'uwana labarin yadda nawa neman ya kasance, ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa.

Kwas ɗin ɗaukar hoto na zaɓi ne, na ɗauke shi daga wani sashe domin ya taimaka mini wajen aikin binciken al'adu. Tun ranar farko malaminmu ya gindaya sharaɗi: kowa ya zo da kyamara mai cin fim na milimita 35, wadda mutum ne ke saita ta da hannunsa. Hujjarsa ita ce waya tana yi wa mai ita tunani. A kyamarar hannu kuwa, abu uku ne sai ka yanke su da kanka kafin ka danna: faɗin kafar da haske zai bi, tsawon lokacin da ƙyauren haske zai tsaya a buɗe, wanda masu sana'a ke kira shota, da kuma daidaita gilashi har abin da kake kallo ya fito sarai. Sannan naɗin fim guda hoto 24 ko 36 kawai yake ɗauka, ba a gogewa, ba a leƙawa. Ya ba mu mako uku. Rabin makin kwas ɗin a kan aikin hannu yake, kyamarorin sashe kuwa ba su isa a raba ba. Abin da ke hannuna shi ne ɗan abin da na tara daga koyar da yara darasin yamma, sai wanda yayata ta ƙara mini. In kuɗin nan suka tafi a kan kayan da ba ya aiki, to babu na biyu.

Kafin in shiga kasuwa sai da na fahimci dalilin wahalar abin. Tun a 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Bayan shekara talatin sai kasuwar fim ta fara rushewa. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya karye a 2005. A 2006 Konica Minolta ya fita daga harkar kyamara gaba ɗaya, Nikon kuma ya sanar da daina ƙera mafi yawan kyamarorinsa na fim. Shi kansa Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012, ko da yake ya farfaɗo kuma bai bar yin fim ba. Sababbin da ake ƙerawa yanzu ƙalilan ne. Pentax 17 da ta fito a 2024, alal misali, kuɗinta ya kai kusan dala 500. Ashe ke nan ɗalibi irina ba shi da mafita sai ta hannu. A nan ma akwai wata matsala: matasan Turai da Amurka da Japan sun sake yayin fim, sun bi tsofaffin kyamarori suna saye, farashi ya tashi, iskarsa kuma ta iso har nan.

Takardar da malam ya raba mana sunaye uku ne a samanta. Ta farko Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, aka sayar da fiye da miliyan 3, har ta zama kyamarar 'yan makaranta a ƙasashe da yawa. Ta biyu Canon AE-1, ita ma ta 1976. Ta uku Nikon FM2 ta 1982. Duka ukun nagari ne, amma kowane mai saye sunansu yake riƙe da shi a baki, kowane mai sayarwa kuma ya san haka. Duk inda na ambaci ɗaya daga cikinsu sai in ga fuskar mai kanti ta washe, ya yanka kuɗin da ya ninka abin da ke aljihuna sau biyu ko uku.

Asabar biyu na yi ina zagaya Dugbe da kewayenta a nan Ibadan, wajen masu kayan tokumbo. Yawancinsu ba kyamara ce sana'arsu ba. A cikin buhunan rediyo da dutsen guga da tsofaffin wayoyi take zuwar musu. Wani ya ɗauko mini Canon AE-1 tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Na ce a gwada, ya ce babu batir, amma ya rantse lafiyarta ƙalau. To ita wannan kyamara ba ta motsi ko kaɗan sai da batirinta mai bolt 6, saboda haka sayenta a haka cinikin biri a sama ne. Na yi godiya na wuce. Wani wurin na ga Olympus OM-1 ta 1972, 'yar ƙarama mai kyan gani, sai dai ma'aunin haskenta an yi shi ne don wani batir mai sinadarin makuri da aka daina yi tuntuni. Na kuma ci karo da Zenit ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai nauyi kamar dutsen niƙa, farashinta da dama-dama, amma labulen shotarta ya huhhuje. Ranar da mako na biyu ya ƙare, ban sayi komai ba, kuɗin mota kuwa sun fara cin jarina.

Matambayi ba ya ɓata. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, na tsaya wajen telan da ke yi mini ɗinki, hira ta kawo maganar. Ya yi dariya ya ce ai na bar jaki ina dukan taiki; kyamarar fim ba a kasuwa take ba, tana ƙarƙashin gadon waɗanda suka ci abinci da ita. Ya haɗa ni da yaronsa ya raka ni gidan wani dattijo da ya yi shekaru yana ɗaukar hoton biki da suna da Sallah, kafin waya ta kashe masa kasuwa.

Na same shi zaune a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Samari, ado za ka yi da ita ko aiki?"

Na ce, "Aiki, Baba."

Ya ce, "To zauna. Ko ba ka saya a wurina ba, ba za a cuce ka a gaba ba."

Ya sa aka fito da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Kyamarori huɗu ne a ciki, kowace a naɗe da tsumma. Maimakon ya fara da farashi, sai ya fara da darasi, kuma wannan darasin shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe.

Da farko, a buɗe bayan kyamara a ɗaga ta wajen haske, a ja hannun naɗi, a danna. A bi lambobin gudun shota ɗaya bayan ɗaya, daga daƙiƙa guda har zuwa ɗaya bisa dubu. Na daƙiƙa guda kunne ke auna shi: in ya yi jan ƙafa ko ya maƙale a hanya, man da ke ciki ya daskare. Masu sauri kuwa ido ke gani, walƙiyar hasken tana raguwa daga lamba zuwa lamba. Na biyu, a cire gilashin gaba a haska shi da tocilan ɗin waya. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke yin zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, kuma laimar daminar kudu ita ce abincinta. Na uku, a juya zoben kafar haske a ga ƙananan faifan da ke ciki suna tsukewa suna buɗewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Na huɗu, a leƙa gidan batir. In an ga farin gari ko tsanwa, tsohon batir ya fashe a ciki, wataƙila ya cinye wayoyi. Na biyar, a shafa bakin ƙofar baya inda aka liƙa baƙin soso don tare haske. A tsohuwar kyamara kusan kullum sosan ya narke ya zama kamar kwalta. Baba ya ce wannan kada ya tsorata ni, shi ne ciwo mafi sauƙin magani, kuma shi ne hujjar neman ragi.

Biyu daga cikin huɗun, shi da kansa ya ce kada in taɓa su. Ta uku ta fi ƙarfina. Ta huɗu ita ce mafi muni a ido: Yashica FX-3, fatar jikinta duk ta saɓule tana barin baƙi a hannu, kusurwoyinta sun koɗe. Wannan kyamara ta fito ne a 1979, kuma saɓulewar fata sanannen halinta ne. Amma shotarta da ƙarfe da zare-ƙarfe take aiki, ba ruwanta da lantarki. Batir biyu ƙanana masu lamba LR44, irin waɗanda ake samu wajen kowane mai gyaran agogo, ma'aunin haske kawai suke kunnawa. Ko sun mutu kyamara na nan daram. Gilashinta mai milimita 50 ne, garau, babu fumfuna. Muka bi gwaje-gwajen nan biyar, ta tsallake huɗu, ta faɗi a soso. Sunanta ba ya cikin takardar malam, amma duk sharuɗɗan da ya gindaya ta cika su.

Cinikin bai yi tsawo ba. Ya faɗi nasa, na taya, ya ce in ƙara kaɗan saboda jaka da igiyar ratayawa, muka shirya a kan abin da bai kai rabin kuɗin da aka yanka mini na Pentax ba. Ya ƙara da sharaɗi guda: in na wanke fim na farko in kawo masa ya gani. Maganar soso kuwa, a gabana ya kankare tsohon da tsinken ashana, ya tura baƙin zaren ulu a cikin kwarin ƙofar. Ni kuma na kai ta wajen wani baduku ya yanka mata sabuwar fata ya liƙa.

A nan ya kamata in ja hankalin 'yan'uwa a kan abin da ba a cika lissafawa ba. Kuɗin kyamara sau ɗaya ake biya, na fim kuwa kullum ne. Ba a yin fim a Nijeriya, daga waje yake zuwa, da dala ake sayo shi, kuma tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 duk kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Wuraren wankin hoto mai kala da a da ke kowane titi yawancinsu sun rufe ko sun koma buga hoton waya. Shi ya sa kwas irin namu ya tsaya a kan fim baƙi da fari, irin su Ilford HP5 na Ingila ko Fomapan na ƙasar Cek, wanda ake wankewa da hannu. Shi ma da nasa ƙa'idojin: a duhu ƙirin ake zare fim a sa a tulun wanki, jar fitila sai wajen buga takarda, kuma ana son ruwan magani ya tsaya a kan digiri 20, abin da ruwan famfonmu ba ya yi sai an sa masa ƙanƙara. Duk wanda ya zuba kuɗinsa kaf a kan kyamara mai suna, zai rataya ta a wuya babu abin da zai ciyar da ita. Ragowar da ta rage mini ita na haɗa da ta abokan karatu uku muka yi odar fim tare, kuɗin aike ya rabu huɗu. A kuma yi hattara da tsohon fim da wa'adinsa ya wuce yana kwance a kanti mai zafi. Arharsa ba ta ado.

Daga naɗina na farko, hotuna ashirin da 'yan kai ne suka fito yadda ake so. Na ɗauki masu goro, da wanzami a bakin aikinsa, da mahauta a gaban tukuba. Da na kai wa Baba, bai ce komai a kan kyau ba. Ya ɗaga nagatif ɗin sama, ya nuna mini inda na ba da haske fiye da kima. Ya koya mini ƙa'idar da suke aiki da ita tun kafin su mallaki ma'auni: in rana ta take, sa kafar haske a lamba 16, gudun shota kuma ya yi kusa da lambar ƙarfin fim, mai lamba 400 sai a ba shi ɗaya bisa 500.

Daga baya a aji muka karanci J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Da wata 'yar akwatin kyamara mai arha, Brownie D, ya fara a 1950. A 1954 ya kama aiki a ɗakin wankin hoto na ma'aikatar watsa labarai a nan Ibadan, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara hotuna kusan dubu, waɗanda yanzu ake baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na duniya. Tsadar kyamara ba ta cikin abin da ya kai shi inda ya kai.

Saboda haka shawarata ga duk wanda zai ɗauki irin wannan kwas ita ce, ya riƙe sharuɗɗan malam, ya saki sunayen da ke takarda. Yashica, Ricoh, Praktica, Cosina da Chinon duk sun ƙera kyamarorin da za su kai ɗalibi ƙarshen zango. Ya ware aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa don fim. Kada ya biya ko kwabo a kan abin da bai ji ƙarar shotarsa ba. Sannan ya fara tambaya a gida da unguwa kafin kasuwa, domin kusan kowane Sabo da kowane Zango akwai tsohon mai hoto da ya ajiye kayan aikinsa.

Mu ɗaliban harshe muna da wani dalili na musamman na zuwa wajen waɗannan dattawa. A ƙarƙashin kyamarorin da ke akwatin Baba na ga ambulan-ambulan cike da nagatif na bukukuwa da naɗin sarauta da tarbar alhazai, laima ta fara cin wasunsu. Shi kaɗai ya san sunayen mutanen da ke ciki, da sunan kowace riga da kowane ɗaurin ɗankwali. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a zaure yana jiran mai tambaya. In za ka je, ka tafi da littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya, kada ka manta da goro.