ZARIYA KO KADUNA? SHAWARAR DA TA HANA GIDANMU BARCI

 Kun saba jina da labaran soyayya, to yau wata magana ce daban na zo da ita, ko da yake idan aka bi ta a hankali za a tarar ita ma akwai aure a cikinta. Maganar fom ɗin JAMB ce, wato yaushe ya kamata yarinya ta yanka, kuma wace jami'a za ta sa a gaba.

Tun 1978 da aka kafa wannan hukuma, ta ƙofarta ake bi kafin a shiga jami'a a Nijeriya. Darussa huɗu ake rubutawa, dole da Turanci a ciki, maki duka 400 ne, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yi. A 2024 yara kusan miliyan biyu suka zauna, amma sama da kashi 75 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Sannan sakamakon na shekara ɗaya ne tak, idan ba a samu gurbi ba sai a sake sabon lale. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a farkon shekara ake sayar da fom, a yi jarrabawar kafin WAEC da NECO su fito, ke nan yarinya za ta zaɓi jami'a tun ba ta san kiredit nawa za ta samu ba.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mana a gidanmu da ke Unguwar Dosa. Autarmu shekararta 17, tana ajin kimiyya, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita. Likitar ma ta Zariya, domin a wurinta idan ba Jami'ar Ahmadu Bello ba ce to ba a yi karatu ba. Ban ga laifinta ba. Jami'ar da Sardauna ya kafa tun 1962, ga asibitin koyarwa na Shika, wace yarinyar Arewa ce ba za ta yi sha'awa ba?

Sai dai gidan ya rabu uku. Umma ta ce a bari sakamako ya fito tukuna, baɗi sai ta yi, gaggawar me ake yi? Baba ya ce shi bai hana karatu ba, amma 'yarsa ba za ta kwana a ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari ba. Ita kuwa Auta ta kafe a kan Zariya. Can gefe kuma ga wani bawan Allah da manyansa suka riga suka zo gaisuwa sau biyu, suna jira a gama NECO su nemi a sa rana.

A kan maganar Umma na fara tsayawa, domin na san abin da jiran shekara ɗaya yake nufi ga 'ya mace. Ni kaina da na gama sakandare cewa aka yi a jira sakamako. Kafin fom ya sake fitowa an kawo kayan sa rana, Allah kuma ya ƙaddara rabona yana ga aure da alƙalami, na gode masa. A cikin ƙawayena da muka ce sai baɗi, ɗaiɗai ne suka ga aji. Ɗa namiji idan ya yi shekara a gida zai je kasuwa ko gareji ya dawo ya yi jarrabawarsa. Yarinya kuwa da ta yi wata uku a zaune sai maƙwabta su fara tambaya, sai gwaggo ta aiko, littafi ya yi ƙura a ƙarƙashin gado. Na ce, "Umma, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Yanzu karatun yana kanta. Doka ta yarda a cike fom ana jiran sakamako, in ya fito a ɗora. Shekarun ma sun kai, tunda a 2025 gwamnati ta tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a." Umma ta yi shiru, can ta ce, "To, ki je ki ji da babanku."

Kafin in je wurin Baba sai da na zaunar da Auta, domin maganar inda za a zaɓa ta fi wuya. Fom ɗin yana da guraben makarantu fiye da ɗaya, amma a gaskiya kibiya ɗaya ce a hannunki. Manyan jami'o'i waɗanda suka sa su a zaɓi na farko suke kira tantancewa, wanda ya sa su a na biyu sai dai ya biya kuɗi ya canza, wani lokacin kafin ya farga an rufe. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na masu maki mafi yawa ne daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Ke nan mai neman likitanci a Zariya da zaratan Nijeriya gaba ɗaya take kokawa. Ko a Amurka akwai irin wannan: wasu manyan jami'o'insu suna karɓar takardu tun watan Nuwamba daga ɗalibin da ya yi alkawarin in sun ɗauke shi ba zai je ko'ina ba. Ko'ina dai taura biyu ba ta taunuwa.

Na ce mata, "Auta, tsakaninki da Allah, maki nawa kike samu idan kin gwada tsofaffin tambayoyi?" Ta ce, "Yaya, tsakanin 250 da 270." Na ce, "Madalla, kin yi ƙoƙari. Amma ki ɗauka kin ci, an ba ki Zariya, Baba ya ce ba inda za ki. Me kika yi ke nan? Kin ɓata shekara, kin ɓata rai, kuma mutumin nan yana bakin ƙofa." Sai idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Zariyar da mota ke zuwa daga Kawo cikin awa ɗaya da 'yan mintoci?" Na ce, "Nisan da ke zuciyar uba ba a auna shi da kilomita."

Muka baje sauran hanyoyi. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, tana nan kan titin Tafawa Ɓalewa, tana koyar da likitanci, asibitin Barau Dikko shi ne na koyarwarta. Daga gidanmu a-daidaita-sahu ne zai kai ta. Can ma ba a raba gurbin likita a banza, amma mu 'yan jiha ne, kuma za ta kwana a ɗakin Umma. Idan kuma bana bai yiwu ba, akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke shiryawa, wadda ake shiga aji biyu da ita kai tsaye. Na tuna mata cewa likitanci shekara shida ne idan komai ya tafi daidai, kuma a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata takwas. Tafiya mai tsawo irin wannan ba a fara ta da fushin iyaye.

Bayan sallar isha'i na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, alfarma biyu muke roƙo. A bar Auta ta yanki fom bana, kuma a ce wa mutanen nan su dakata har a ga abin da Allah zai yi. Idan ya amince ta yi karatu a ɗakinta, a faɗa gaban manya tun yanzu." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ina za ta sa?" Auta da kanta ta amsa daga bakin ƙofa, murya na rawa, "Ta nan Kaduna, Baba." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Har yanzu idan aka ambaci Zariya takan kau da kai, ni kuma ba na ce mata ba ta yi rashi ba. Ta yi, amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ba ina cewa kowa ta guji Zariya ko Bayero ko Ɗanfodiyo ba ne. Wadda iyayenta suka sake mata mara, kuma makinta ya nuna za ta iya, wallahi ta sa babbar a gaba kada ta ji tsoro. Roƙona shi ne a yi maganar a tsakar gida kafin a je wurin cike fom, a san makin yarinya na gaskiya, a san iyakar da uba ya gindaya, a san matsayin mai neman aure. Tun ran gini, tun ran zane. Iyaye mata, don Allah ku tambayi 'ya'yanku abin da suka cike, kada a bar wa mai kwamfuta ya zaɓa musu.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya zaɓa musu mafi alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.